Shawarwarin da aka tattara a Garwa kan aikin tafintan kurame

Da aka zauna a Garwa, a arewacin Kamaru, kan yadda tafintan maganar hannu zai ƙware, abin da ya fi cin lokaci shi ne wace maganar hannun ma za a koya. Makarantun kurame da yawa a ƙasashen Afirka rainon Faransa sun gaji maganar hannun Amurka ne ta hanyar Andrew Foster, wani kurman malami Ba'amurke da ya fara buɗe makarantar kurame a Gana a 1957. Amma kurman da bai shiga aji ba, wanda ke tallar kaya a kasuwa, nasa hannun daban ne. Shawarar manya ita ce a lazimci majalisar kurame, a sha shayi da su, a bar su su gyara maka kuskurenka. Wata dattijuwa ta ce, "Ɗana, in gira da fuska ba su motsa ba, rabin maganar ka faɗa."

Batun takardar shaida kuwa, an ce a neme ta, domin kotu da asibiti takarda suke tambaya. Sai dai a bincika ko da kurame cikin masu jarrabawar. A nan ma sai ka iya Faransanci da Fulatanci, ba Hausa kaɗai ba.

Sauran ƙanana ne: riga mai launi ɗaya, haske a fuskarka ba a bayanka ba, a yi karɓa-karɓa duk minti 20 a dogon taro. Abin da ka ji a ɗakin likita kuma, ko mahaifiyar majinyacin ba ta da rabo a ciki.