Za a kafa tashar lantarki ta gas a bayan unguwarmu: wa ya taɓa zama kusa da irinta?

Baban Ummi, Ikorodu

Assalamu alaikum. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina haya a wata unguwa da ke gefen Ikorodu a jihar Legas, ta wajen da hanya ke gangarawa bakin ruwa. A bayan gidajenmu akwai fili, nan wasu 'yan uwanmu suke lambun alayyafo da lalo. Watan jiya muka wayi gari da masu awo sun kakkafa turaku masu jan fenti. Bayan sati guda Bale, wato mai unguwar Yarbawa, ya kira taro, aka ce wani kamfani ne zai gina tashar lantarki mai aiki da iskar gas, kuma za a jawo bututu ta gefen makarantar firamare.

Tun daga ranar unguwa ta rabu biyu. Takardu biyu ne suke yawo, ɗaya ta amincewa, ɗaya ta ƙin yarda, kuma kowane ɓangare ya zo har ƙofar masallacinmu yana neman sa hannu. Mai unguwarmu na Hausawa ya ce kowa ya dakata tukuna. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da Yarbanci da Turanci aka yi taron kaf, alhali gidajen da suka fi kusa da turakun nan mu 'yan haya ne a ciki. Ba ra'ayi nake nema ba. Wanda ya taɓa zama kusa da tasha ko bututu, ko aka taɓa kawo irin wannan aiki unguwarsu, don Allah ya faɗa mana abin da idonsa ya gani.

Maman Sadiya, Ojo

Wa alaikumus salam. Baban Ummi, ni ina jin an ce bututu ta gefen makaranta sai da cikina ya ɗuri ruwa. Ranar Lahadi 15 ga Maris 2020 ina tsakar gida ina wanki, da safe, sai na ji wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba. Tagoginmu sun jijjiga, yara suka yi ɗaki da gudu suna kuka, kuma fa tsakaninmu da Abule Ado, inda aka yi fashewar a wajen bututun mai, akwai tafiya. Ƙanen maigidana yana dako a kasuwar Tiredfiya da ke kusa da wurin, muna ta kiran wayarsa ba ta shiga sai wajen azahar. Allah Ya tsare shi. Da ya dawo ya kasa cin abinci. Ya ce gidaje masu bene sun zube kamar an taka kwali, motoci sun ƙone ƙurmus. Mutum fiye da ashirin suka rasu, har da shugabar makarantar 'yan mata ta Bethlehem, Sista Henrietta Alokha, wadda ta tsaya fitar da ɗalibanta.

Ban san ilmin injin ba, kuma na yarda kowane bututu da irin abin da yake ɗauka. Amma wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya yi tsalle. In 'ya'yana ne a makarantar nan, ba zan sa hannu ba sai an janye bututun daga wajen.

Mai Walda, Agege

Hajiya, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, babu mai raina tsoronki. Amma a yarda ni ma in faɗi nawa. Aikin ƙofa da taga nake yi, ina da yara huɗu a shago. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, janareto ne yake cinye ribata. Zuwa ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000. Akwai ranar da na sallami yaran tun kafin la'asar saboda kuɗin man ya fi kuɗin aikin.

Sannan ana ta maganar hayaƙin tasha, ba a maganar hayaƙin da muke kwana a cikinsa. A gidan da na zauna da farko, ɗaki goma sha biyu ne, ƙananan janareto bakwai a soro ɗaya. Wani dare ana ruwa, maƙwabcinmu ya shigar da nasa ciki saboda ɓarayi, ya rufe ƙofa. Da asuba muka fasa ƙofar. Shi an samu ya farfaɗo a asibiti, matarsa da jaririnsu ba su tashi ba. Da hannuna na ɗauko yaron. Saboda haka in an ce mini ga tasha ɗaya da za ta kashe dubban janareto, ni zan saurara da kunne biyu.

Ɗan Zango

Malam Mai Walda, tambayar ita ce wa ya ce wutar tasu ce? A inda na zauna a baya, manyan wayoyi suna wucewa ta saman rufinmu, da dare kana jin zuzarsu, mu kuma muna kunna fitilar caji.

Injiniya mai ritaya, Ijede

Ɗan Zango ya taɓo inda gizo ke saƙa. Na yi shekaru ina aikin lantarki kafin na ajiye, kuma a nan kusa da tashar lantarki ta Egbin nake zaune, don haka bari in yi bayani dalla-dalla ko da zan tsawaita.

Egbin injina shida ne, kowanne megawat 220, jimla 1,320, an fara kunna su ne a tsakiyar shekarun 1980. Gas ɗin daga Escravos yake zuwa ta bututu, tun daga Neja Delta. Babbar tasha irin wannan ba ta raba wa maƙwabta wuta kai tsaye. Takan ɗora ta ne a kan manyan layukan ƙasa, daga can a sauko da ita tashoshin rarrabawa, sannan kamfanin rarrabawa ya ba unguwanni gwargwadon tsarinsa. Kusancinka da injin ba ya ƙara maka ko awa ɗaya, sai in da gangan aka ja layi aka ce wannan naku ne. To Baban Ummi, tambaya ta farko da za ku yi: wa za a sayar wa wutar? Masana'antu ne, ko rukunin gidajen masu hali, ko layin ƙasa? Yanzu doka ta canza. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tafiyar da kasuwar wutarsu, Gwamna Sanwo-Olu kuma ya sa hannu a ta Legas a Disamba 2024. Ke nan babu abin da ya hana a ware muku layi da taransifoma in an so. Amma a rubuce, da yawan awowi da farashi. Kada ku manta a Afrilu 2024 an mayar da kuɗin 'yan Band A naira 225 kowane yunit, a madadin alkawarin awa 20 a rana. Wuta za ta iya zuwa ƙofarka ta fi ƙarfin aljihunka.

Hajiya Maman Sadiya, game da tsoro. Gas ɗin girki na tukunya ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya sai ya kwanta ƙasa ya bi kwata da lunguna yana jiran ashana. Irinsa ne ya yi ɓarna a Baruwa a Oktoba 2020. Na tashar lantarki kuwa ya fi iska sauƙi, sama yake yi. Wannan sassauci ne, amma ba zan yaudare ki ba: bututun yana ɗauke da matsi mai ƙarfi, in motar haƙa ta huda shi, wutar da za ta tashi ba wadda gugan ruwa zai kashe ba ce. Haɗarin ba ranar da aka binne bututu yake zuwa ba. Bayan shekara goma ne, lokacin da alamomin suka goge, 'yan ƙasa suka yanka filin da ke kansa suka sayar, mai shayi da mai faci suka kafa rumfa. Na ga wannan da idona sau ba adadi. A kan hanyar bututun za ku fi tsayawa, da tazarar da za a bari, da wanda zai riƙa gadinta.

Hayaƙin tashar gas bai kai na dizal baƙi ba, amma akwai iskar da ba a gani mai tayar wa masu asma ciwo, shi ya sa tsawon bututun hayaƙi da inda iska ke kaɗawa suke da muhimmanci. Sai ƙara. Ita ce mutane ba sa tambaya, ita ce kuma suke fara kuka da ita, domin injin ba ya hutun dare.

Maman Sadiya, Ojo

Na gode Baba. Na fahimci bambancin, amma maganar gefen makaranta tana nan.

Mai Lambu

Ni nawa ba tashar lantarki ba ce, bututu ne kawai aka ja ta gonar da nake haya a can hanyar Epe. Shekara shida ina biyan mai fili, na tona rijiya biyu, na zuba taki har ƙasar ta yi baƙi. Da masu ƙirga amfanin gona suka zo, ranar na kai kaya kasuwar Mile 12. Mai filin ya tsaya a kan kunyoyina aka ɗauke shi hoto, sunansa aka rubuta. Da kuɗin ya fito shi ya karɓa, ya miƙo mini abin da ko kuɗin iri bai kai ba, ya ce in gode wa Allah. Ba ni da takardar haya, da baki muka yi. Na je wurin shugabanninmu, suka ce baƙo ba ya shari'a da ɗan gari a kan ƙasa, in yi haƙuri. Na yi, amma har yau in na tuna rijiyoyin nan sai raina ya ɓaci.

Baban Ummi, ka gaya wa masu lambun bayan gidanku tun yau kowa ya ɗauki hoton shukarsa da shi a ciki, ya nemi rasit ko na wata ɗaya ne, kuma ranar ƙirga ko kasuwa za ta ci uban riba kada kowa ya motsa.

'Yar Idi-Araba

Baba Mai Lambu, abin da aka yi maka ba daidai ba ne ko a doka. A ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, diyyar ta gini ce da shuka da aikin da aka zuba a ƙasa, kuma shukar nan guminka ce.

Ina aiki a ofishin lauyoyi, na kuma taɓa raka mutanen unguwar kakata kan wata masana'anta. Ga abin da muka koya a makare. Dokar tantance tasirin ayyuka a kan muhalli ta 1992 ta wajabta wa babban aiki irin wannan ya yi rahoto kafin a fara gini. Ana ajiye rahoton kwana 21 na aiki don jama'a su duba, galibi a sakatariyar ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli ta jiha da ta tarayya, a sanar a jarida da rediyo. Mu ba mu ji sanarwar ba sai saura kwana uku. Da muka buɗe rahoton, an rubuta cewa an tuntuɓi al'umma, ga hoton taro ga jerin sa hannu. Takardar halartar taro ce da aka zagaya da ita ranar da aka raba lemo. Sunan kakata yana ciki, ita da ko kalma ɗaya ba ta gane ba a taron. Don haka Baban Ummi, ko takardar halarta ce kada a sa hannu sai an karanta muku kanta. Ƙorafinku kuma ku rubuta shi da sunan mazauna layin da ya fi kusa, ku kai kofi ofishin LASEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Legas, a Alausa, a buga muku hatimi a naku.

Mai Walda, Agege

Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Ni ban ce a sa hannu ido rufe ba. Abin da nake gudu shi ne a kore su gaba ɗaya su tafi wata unguwa, ku kuma ku ci gaba da shaƙar janareto.

Baban Ummi, Ikorodu

Allah Ya saka wa kowa da alheri. Jiya bayan isha'i na karanta wa jama'a saƙonninku a masallaci. Da na zo kan na Baba Mai Lambu, wani dattijo da ke noman filin ya ce shi ma da baki suka yi da mai ƙasa, shekara tara. Yau da safe yarana biyu sun zagaya da waya sun ɗauki kowa a kan kunyarsa.

Har yanzu kanmu bai haɗu ba. Masu shago da masu sayar da ƙanƙara suna so, mu na layin farko zuciyarmu ba ta kwanta ba, ni dai in bututun bai bar gefen makaranta ba, ba zan sa hannu ba. Amma mun yarda babu mai taɓa kowace takarda kafin taron Asabar. Mai unguwa ya je wurin Bale, ya amince a ba mu tafinta da damar yin tambaya uku. Mun tsayar da ta hanyar bututu da ta wanda za a sayar wa wuta. A kan ta ukun ake ja, wasu sun ce diyyar masu lambu, wasu sun ce ƙarar dare. Baba Injiniya, tunda Ijede ba nisa, ko za ka daure ka zo ka zauna a gefenmu ranar? Zan turo yaro da babur ya ɗauko ka bayan sallar azahar.