Daga ina sunan "Ajuji" ya fito?

Wani matashi a majalisarmu ta Unguwar Rogo a Jos ya ce ya gaji da tambayar da ake masa kan sunan gidansu, Ajuji, shi kuma bai da amsa. Ga abin da na tsinta daga bakin dattawa.

Wani tsohon ma'aikacin kuza ne ya fara warware masa. Ya ce sunan goyo ne, ba na yanka ba. Idan mace tana wabi, 'ya'yanta na rasuwa suna ƙanana, sai a kai jaririn kan juji a ajiye, wata tsohuwa ta ɗauko shi, wai don mutuwa ta raina shi ta ƙyale. Kamar dai Tanko, namijin da ya biyo mata, ko Gambo mai bin tagwaye, ko Cindo mai yatsu shida.

"To Baba, ya aka yi ya zama na gida duka?" Ya ce makarantar boko ce da rajistar kamfanonin kuza: magatakarda ya nemi suna na biyu, aka ba shi laƙabin kaka, ya zauna daram.

Shawarar da ta fi kama hankalina: ya fara da tsofaffin mata, gwaggo da inna, da rikoda a hannu, domin su ke riƙe da irin wannan. Ya tambayi garin da kakansa ya baro, Kano ko Bauci, ya je can. Takardu kuma sai ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna ko Arewa House, cibiyar binciken tarihi da ke can Kaduna, amma ya gwada rubutun sunan iri-iri, don Turawa sun sha karkata sunayenmu.