Neman shawara: hotunan faɗuwar rana sun daina yi min kyau, in sayi kyamara?

Telan Birni: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya tsaya min a rai. Ni tela ne a cikin birnin Kano, shagon na yayana ne da ya koma Abuja, har yanzu ina biyansa kuɗin keke ɗaya a hankali. Tun rasuwar mahaifinmu bara na ɗauki al'adar hawa Dutsen Dala bayan la'asar, in zauna ina kallon gari har rana ta gangara ta wajen Goron Dutse, a nan kaɗai nake samun natsuwa. Daga nan na fara ɗaukar hoto da waya. Watannin baya hotunan suna fita ja da ruwan goro, har abokaina na roƙa. Yanzu kuwa sama fari fat, in na gyara saman kuma gidaje su yi baƙi ƙirin. Wani zai sayar min da kyamarar Canon ta hannu, ya ce in ban kai kuɗi zuwa Juma'a ba zai ba wani. Kuɗin na adashi ne, Umma kuma ta sa rai da su za a fara haɗa lefe. Ba na iya barci.

Mai Hoton Biki: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ƙanena, kada ka sayi komai. Ba wayarka ce ta lalace ba, hunturu ne ya shigo. Ƙurar da kake gani tun daga Sahara take tasowa, mafi yawanta daga ƙwarin Bodele a arewacin Chadi, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta ta zube mana daga Nuwamba har wajen Maris. Rana takan nutse cikin hazo tun kafin ta kai ƙasa, to ina launi zai fito? Waɗancan masu kyan na tabbata a Satumba ko Oktoba ka ɗauke su, ruwa ya wanke sama ga sauran gajimare. Abin yi: goge gilashin da gefen riga mai laushi, taɓa saman a fuskar waya, ka ja hasken ƙasa har launi ya dawo. Kada ka jawo hoto da yatsu biyu, farfashewa yake. In wayar na da wajen saiti, sa ISO, wato ma'aunin ƙarfin karɓar haske, a 100 ka jingina ta da dutse. Wace waya ce ma?

Maman 'Yan Biyu: Ni tambayata ɗaya, sallar magariba fa? Lokacin da kuke cewa ya fi kyau ai shi ne ake kiran salla. Ɗan yayata haka ya fara, yanzu kullum almuru yana waje, uwarsa ta yi magana har ta gaji, in aka ce a tura shi markaɗe sai ya ce haske zai wuce. Kuma wallahi ka ji tsoron ɓacin ran Umma.

Telan Birni: Hajiya, ina saukowa in yi salla a masallacin da ke gindin dutsen, jam'i ba ya wuce ni. Maganar lefe kuma ba a sa rana ba tukuna. Yaya mai hoto, na gwada rage hasken, gidajen ne ke ɓacewa.

Ɗan Zariya: Gaskiya ban yarda da Oga ba. Idon kyamara ya ninka na waya girma nesa ba kusa ba, in ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da ba a matse ba, za ka iya fito da gidajen daga duhu a manhajar gyaran hoto ta Lightroom ba tare da sama ta ƙone ba. Ni a Kufena nake ɗauka, na ga bambancin. Saya kawai.

Mai Hoton Biki: Malam, RAW zai kori ƙura daga sama? Da wannan sana'ar nake ci da iyalina. Gidaje su yi baƙi ai ba laifi ba ne, shi ake nema. Ka samu hasumiyar masallaci ko rimi ko giginya, ka sa ta gaban ranar ta fito baƙa, a hunturu ranar kan zama farin faifai da ake iya ɗauka sarai, damina ba ta ba ka wannan. In kuma dole sai gidaje sun fito, kunna HDR, saitin da ke daidaita wurin haske da na duhu a hoto ɗaya. Sannan ku sani Kano na kusa da digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, rana na faɗuwa duhu ke biyo ta, ko rabin awa ba a yi. Wanda bai shirya da wuri ba ko kyamarar miliyan ya riƙe haka zai sauko.

Abban Ilham: Ni dai ta hannu ta ƙona ni. A shago ta yi lafiya, na zo gida kowane hoton sama da ɗige-ɗige baƙaƙe wuri ɗaya, batir ba ya awa guda. Na mayar, mutumin ya ce shi bai san zancen ba, har gaban shugaban layinsu muka je ba abin da aka yi. Wannan "zuwa Juma'a" ɗin ma irin maganarsu ce. In ka nace, ɗauki hoton farin bango ka duba da kyau, ka tambayi yawan hotunan da ta taɓa ɗauka.

'Yar Gwale: Ga masu ƙwacen waya da yamma. Waya ma ana ɓoyewa, balle kyamara a wuya. Ƙanena a hanyar dawowa daga islamiyya aka tare shi, har yau hannunsa da tabo.

Telan Birni: Na gode duka, Allah ya saka. Amma ku gane, ba don wasa nake so ba. Zan riƙa ɗaukar ɗinkunana da ita, ƙila har suna da kamu, kuɗin zai dawo kafin a tashi lefen. Mai kyamarar kuma ba baƙo ba ne, abokin abokina ne. Ko hunturun ne, ai zai wuce, kyamarar kuwa ba za ta jira ni ba.

Mai Hoton Biki: Hoton biki da ruwan tabarau ɗaya ba fitila? Wa zai ɗauke ka? Ka turo hoton guda a matsayin fayil, don WhatsApp na matse shi, in gani da idona. Kuma har yanzu ba ka faɗi wace waya ba ce.

Ɗan Zariya: Wace Canon ce, nawa ya ce maka?

Telan Birni: Zan tambaye shi lambarta. Yanzu ya kira ni, wai wani ya zo da rabin kuɗi, in ina so in je gobe bayan azahar.

Maman 'Yan Biyu: Ka gaya wa Umma tukuna?