Sun ɗebi ƙashin ƙanena don awo, yau kwana 13 ba sakamako, dan Allah wanda ya sani ya min bayani

Ƴar Gwammaja

Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah ina neman wanda ya san harkar asibiti ya taimaka min don wallahi kaina ya kulle. Autanmu ne, shekararsa 16, tun bayan ƙaramar sallah ya fara cewa gwiwarsa ta dama na masa ciwo, da yake mayen ƙwallo ne duk muka ɗauka targaɗe ne, Baba ya kai shi wajen wani mai ɗori aka ja ƙafar aka shafa man shanu aka ɗaure. Kusan wata biyu ana zarya amma kumburin sai gaba yake, saman gwiwar ya yi tauri kamar dutse, in ka ɗora hannu zafi rau, jijiyoyi duk sun fito raɗa-raɗa a fatar. Abin da ya fi ɗaga min hankali dare ne, da rana yana daurewa amma cikin dare ina jiyo nishinsa daga ɗakinsu, yaron da ko faɗuwa ya yi a fili ba ya kuka.

Da muka je babban asibiti aka ɗauki hoton ƙashi, likitan ya daɗe yana kallon hoton sannan ya kira wani suka kalla tare, daga nan aka ce sai MRI, wato hoton inji mai nuna ƙashi da naman ciki, da hoton ƙirji, bayan kwana huɗu kuma suka kashe wajen suka soka wata allura mai kauri suka ciro ɗan abu kamar tsinke a kwalba. Suka ce mu saurari sakamako nan da sati biyu zuwa uku.

Toh me ya sa awon jini ake bayarwa a yini ɗaya amma wannan har sati uku? Me ya haɗa ƙirji da ciwon gwiwa? Sannan Hajiya kakarmu ta tada hankalin gidan gaba ɗaya, ta ce in daji ne ai ba ya son ƙarfe, tunda aka soka masa allura an tsokano shi. Wani ƙanin Baba kuma ya ce shi ya san ƙarshen zancen yanke ƙafa ne gara a gudu da shi ƙauye tun yanzu. Mama ko abinci ta daina ci.

Maman Biyu

Wa alaikumus salam. Allah sarki, Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ne. Ki riƙe Mama da kyau ki dinga lallaɓa ta ko kunu ne ta sha. Kuma dan Allah kar ku bari a fita da shi daga gari kafin takardar nan ta fito.

Na Ɗakin Awo

Ƴar uwa sannu, ya mai jiki. Ni a ɗakin awon nama nake aiki, irin wannan kwalbar mu take zuwa wa, bari in gaya miki abin da ake yi da ita ko hankalinki ya ɗan kwanta.

Jini ruwa ne, ana zuba shi a inji lambobi su fito. Ƙashi kuwa sai an gan shi da ido a madubin likita, kuma haske ba ya ratsa abu sai an yanka shi siriri ƙwarai, mu muna yanka kauri maikiron 3 zuwa 5 ne, silin gashin kai ɗaya ya ninka shi kauri fiye da sau goma. To wuƙar da ke wannan yankan ba ta iya cin ƙashi, dakushewa take ta yayyaga naman. Shi ya sa da farko ake barin sa cikin ruwan fomalin kwana ɗaya ko biyu don kar ya ruɓe kuma ƙwayoyin su tsaya yadda suke, sannan a sa shi a wani ruwan da zai tsotse sinadarin kalsiyam ɗin da ke sa ƙashi tauri. Nan ne lokaci ke tafiya. Akwai asid mai ƙarfi irin nitirik da zai laushe shi da wuri amma yana lalata ƙwayoyin, rini ba ya kama su da kyau, wasu gwaje-gwajen ma ba za su yiwu ba bayansa. Asid ɗin fomik ya fi sauƙi, yana ɗaukar kwanaki har sati ko fiye gwargwadon taurin ƙashin. Akwai kuma wani sinadarin da ake kira EDTA, shi ya fi kowanne kiyaye naman amma in ƙashin babba ne yana iya cin makonni. Kullum da safe sai mun duba mun canza ruwan, in ka ciro da wuri tsakiyarsa da sauran tauri, in ka bar shi ya wuce lokaci ka ɓata aikin.

Bayan ya yi laushi inji zai tsane ruwan jikinsa cikin dare, a zuba shi cikin kakin kyandir ya daskare, a yanka, a ɗora kan ɗan gilashi, a rina da rini biyu, ɗaya mai shuɗi-shuɗi ɗaya ruwan hoda. Sai a kai wa likitan awon nama, shi ne mai karantawa ya sa hannu, ba mu ba. Wani lokacin zai ce a ƙara yankowa daga ciki ko a yi wani rinin na musamman, wanda ba kowane ɗakin awo ke da kayansa ba sai an aika wani gari.

Abu ɗaya da nake roƙon ki: ki tabbata likitocin sun san an yi masa ɗori wata biyu, kar ku ɓoye don jin kunya. Ƙashin da ya tsage yana kan haɗewa, sabon ƙashin da yake fitarwa a madubi yana iya kama da na ciwon daji sosai, shi ya sa mai karantawa ba ya son gilashi kaɗai, yana son shekarun mara lafiya da tarihin ciwon da hoton ƙashin a gabansa. Gobe ki je da katinsa ki tambayi lambar da aka ba wa samfurin, ki ji wane mataki yake, ki kuma tambaya ko akwai kuɗin da ba a biya ba don wani lokacin abin da ke riƙe takarda ke nan iyali ba su sani ba.

Ɗan Tudun Wada

Ni abin da zan ce kar ku yanke wa kanku hukunci tukuna. Yayana mai sikila ne, ƙwaurinsa ya taɓa kumbura haka da zazzaɓi, hoton ya nuna ƙashin kamar gara ta ci, kowa ya ce daji ne, mahaifiyarmu har ta fara kukan rabuwa. Da aka ɗebi ƙashin aka auna ashe ƙwayar cuta ce ta shige shi ta tara mugunya a ciki, aka yi tiyata aka kankare mataccen ƙashin ya sha allurai wajen sati shida, yanzu haka yana kasuwa da ƙafarsa sai dai tabo. Ba cewa na yi naku ma haka ne ba, Allah kaɗai ya sani, amma da ba a yi awon nan ba da ba mu san me muke magani ba.

Baban Yara

Allah ya sawwaƙe. Amma gaskiya maganar Hajiya abin dubawa ce, manya ba sa faɗar abu haka kawai, mun sha ganin wanda aka taɓa da wuƙa ciwon ya bazu. Ku haɗa da na gida, akwai masu sakiya da suka san kan irin wannan kumburin.

Likitan Ƙashi

Baban Yara, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, kuma na san inda maganar ta samo asali. Mutanenmu da yawa ba sa zuwa asibiti sai ciwon ya riga ya kai huhu, a yi aiki, bayan wata biyu mutum ya rasu, sai a ce wuƙa ce. Amma ciwon ya yi tafiyarsa tun kafin a taɓa shi. Sakiya kuwa dan Allah a'a, ko ƙaho ko tsaga ko sake jan ƙafar. In aka huda fatar da ke kan irin wannan ƙari ba ta warkewa, gyambo take zama mai zubar da jini, kuma ƙafar da da za a iya ceto sai ta zama dole a cire.

Ƙanwata, ban ga yaron ba ban ga hotonsa ba, don haka ba zan ce miki ga abin da ke damunsa ba. Amma zan gaya miki abin da likitocinsa ke son tabbatarwa ko kawarwa, don kin cancanci ki sani. Yaro mai shekara 10 zuwa 20, kumburi mai tauri kusa da gwiwa, ciwon da ke tsananta da dare, abu na farko da muke tsoro shi ne kansar ƙashi da ake kira ostiyosakoma. Ta fi fitowa a ƙarshen ƙashin cinya ko farkon ƙashin ƙwauri ko saman damtse, wato wuraren da ƙashi ya fi saurin tsawo lokacin balaga. Ba ƙwallo ke kawo ta ba, ba a ɗaukar ta daga wani, ba kuma laifin kowa ba ne a gidanku, buguwar kan sa a lura da wajen ne kawai. A madubi ana gane ta ne idan aka ga munanan ƙwayoyin da kansu suna ƙera ɗanyen ƙashi a tsakaninsu. Akwai wasu da ke kama da ita: ciwon ƙwayar cuta irin wanda ɗan uwa ya ba da labari, tarin fuka na ƙashi, wata kansar da likitan Amurka James Ewing ya bayyana a 1921 wadda ba ta cika kama baƙar fata ba, da wani ƙari mai manyan ƙwayoyi da ya fi kama ƴan shekara 20 zuwa 40 wanda yawanci kankare shi ake a cike ramin da simintin ƙashi. Kowanne maganinsa daban, shi ya sa ba mai fara komai sai takardar nan ta fito.

Hoton ƙirji kuma don ita wannan kansar ta hanyar jini take tafiya kuma huhu ne zangonta na farko. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ana samun ta riga ta kai can ranar da aka gano ta.

Maganar allura, akwai ƙwayar gaskiya a ciki kuma mun san da ita. Hanyar da allurar ta bi tana iya ɗaukar ƴan ƙwayoyi, don haka ba a soka ta ko'ina, ana zaɓar layin da za a yi tiyata nan gaba, ranar aikin a yanke wannan hanyar a cire ta tare da ƙarin. Shi ya sa muke cewa a ɗebi samfurin a asibitin da za a yi babban aikin, irin asibitin ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, ba a ƙaramin asibitin unguwa ba.

Sai yanke ƙafa, wanda na san shi ne ya hana ku barci. Kafin shekarun 1970 yankewa kaɗai ake yi, kuma duk da haka waɗanda ke rayuwa ba su kai 20 cikin 100 ba, saboda ƙananan ƙwayoyin da hoto ba ya gani sun riga sun tafi huhu. Da aka haɗa da kemo, wato magungunan da ke kashe ƙwayoyin kansar a jiki, adadin ya koma 60 zuwa 70 cikin 100 ga wanda ciwon bai bazu ba. Yanzu tsarin shi ne kemo wajen sati 10, magunguna irin su doksorubisin da sisfilatin da metotireksat, sannan tiyata, sannan a ci gaba da kemo, gaba ɗaya wata bakwai ko fiye. Ƙashin da aka cire ma komawa yake ɗakin awo a yayyanka a ƙirga yawan ƙwayoyin da maganin ya kashe, in sun kai 90 cikin 100 alama ce mai kyau. In ƙarin bai naɗe manyan jijiyoyin bayan gwiwa ba ana iya cire ɓangaren ƙashin a sa ƙarfe a bar masa ƙafarsa. Ba zan ɓoye miki ba, a nan wajenmu ƙarfen da tsada, kemo ma da tsada, kuma da yawa suna zuwa a makare har ya zama yankewa ce hanyar tsira da rai. Na ga yaran da aka yanke wa suna zuwa ganin likita da ƙafar roba da jakar makaranta a baya. Na kuma ga waɗanda aka gudu da su da jin kalmar, aka dawo da su bayan wata huɗu ba sa iya numfashi, waɗannan su ne har yau nake tunawa da fuskokinsu.

Kafin sakamako, ya daina taka ƙafar, ku samo masa sandunan dogarawa don ƙashin ya yi rauni yana iya karyewa da ƙaramin abu. Ku gaya wa likitansa maganin ciwon bai riƙe shi da dare a canza masa. Ranar karɓar takarda kuma ki yi ƙoƙari Baba da ƙanin nasa su shiga su ji da kunnensu.

Ƴar Gwammaja

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri ya jiƙan mahaifa. Likita, na karanta wa Baba bayaninka har sau biyu, bai ce komai ba amma da yamma shi da kansa ya je ya sayo sandunan, ya kuma kira ƙanin nasa ya ce ba inda za a kai yaron. Malam na ɗakin awo, na je yau na sami lambar, sun ce jiya aka ciro shi daga ruwan laushin, ranar Alhamis mu dawo. Na gaya wa likitan zancen ɗorin ya rubuta a fayil ya ce zai sanar da mai karantawa. Hajiya dai har yanzu ba ta sauko ba amma ta daina maganar a gaban Mama.

Saura abu ɗaya da ban san yadda zan yi ba. Jiya da daddare ina shafa masa ruwan sanyi a ƙafar ya kalle ni ya ce Yaya me suka gani a hoton da kowa ke yin shiru in na shigo. Na ce masa sai Alhamis. Likita dan Allah ranar mu shiga da shi ko mu fara ji tukuna?