Neman shawara: za mu rushe gidan haya a Garwa mu gina bene

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gidan haya a unguwar Yelwa a Garwa, ƙasar Kamaru, ɗaki goma sha huɗu da shago uku a bakin titi. Mu tara ne magada. Kullum ana zuwa neman ɗaki, babu. Wani ɗan kasuwa ya ce zai rushe ya gina bene hawa biyar da kuɗinsa, ya riƙe hawa uku, mu mu riƙe hawa biyu. Na riga na ce wa 'yan haya su tashi ƙarshen wata, yanzu yayata ta ƙi yarda, masu shago kuma suna maganar kotu. Ko barci ba na iya yi. Ina mafita?

Wani injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, titir fonsiye ɗin, wato takardar mallakar fili, da sunan wa yake? Idan har yanzu sunan marigayi ne, kada a cire ko kwano ɗaya. A fara da hukuncin gado a kotu, a mayar da suna ga magada, a rubuta yarjejeniya gaban notiya, jami'in shari'a mai tabbatar da takardu. Sannan takardar izinin rushewa daban, ta gini daban, haka dokar tsara birane ta 2004 ta tanada. Kafin zane a auna ƙasa, LABOGENIE, hukumar gwaje-gwajen gini ta ƙasa, na yin wannan, domin harsashin hawa biyar ba na ɗakin kwano ba ne. Kankaren ginshiƙi buhu 7 na siminti ake sa wa mita kubik, mai sa 5 ya cuce ku. A zafin Maris da Afrilu in ba a shayar da dal, wato kankaren rufin kowane hawa, safe da yamma ba tsagewa zai yi, kuma ba a cire katakon ƙasansa kafin kwana 21. Ku tuna benen da ya rufta a Duwala a Yulin 2023.

Wata 'yar uwa: Kuna ta siminti, su mutanen fa ina za su? Masu gidaje sun mayar da talaka abin kora, wanda ke biyan ɗaki ɗaya ba zai iya hawa benen nan ba. Ɗan'uwa, ka gyara rufi da banɗaki, ka ƙara ɗakuna a baya, ya isa.

Wani magatakardan lauya: Masu shago suna da hujja. A dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya da Kamaru da wasu ƙasashen Afirka ke bi, hayar kasuwanci marar wa'adi sai an ba da sanarwar wata shida. A aika ta hannun wisiye, jami'in shari'a mai kai takardun sanarwa, a bayyana aikin da za a yi. Su ke da fifikon shago a sabon ginin, in an hana su sai diyya.

Mai tambaya: Takardar tana sunan Baba, amma mutumin nan aminin Baba ne, ba zai ci amanarmu ba. Ya ce in muka jira kotu zai kai kuɗinsa Marwa.

Wani injiniya: To ya kai. In kuɗinsa ya ƙare a hawa na biyu, kun rasa haya, kun rasa gida, rodi na tsatsa a sama. Ka tambaye shi wa zai biya tankin ƙasa da famfon tura ruwa, don ruwan Camwater, kamfanin ruwa na ƙasa, ba ya hawa can da kansa. Wa zai biya mitar kowane gida?

Wani ɗan uwa: Ni dai ku sayar ku raba gado, kowa ya huta.

Mai tambaya: Sayarwa kam babu ita, gidan Baba ne. Amma ba wanda ya gaya mini yadda zan shawo kan Yaya, gobe kuma mutumin zai zo da mai zane.