Masu buga Hausa a kwamfuta: wa ya taɓa sauya tsarin kibod ɗinsa?

Mai shagon buga takardu, Agege: Salamu alaikum 'yan uwa. Shekara 9 ina buga takardun gayyata da wasiƙun ƙungiyoyi, yawanci da Hausa. Yanzu ƙaramin yatsana na hagu ciwo yake kullum da yamma, har zuwa wuyan hannu. Da na lura sai na ga harafin A ne sila. Ku buga "assalamu alaikum, yaya gajiya" ku ƙirga sau nawa wannan ɗan yatsan ya yi aiki. Akwai wanda ya gwada wani tsari ban da QWERTY, wato tsarin kibod da aka saba da shi?

Ɗalibi a Akoka: Wa alaikumus salam Yaya. Ni na yi wata 4 a kan tsarin Colemak. A Turanci na ji daɗinsa ƙwarai, maɓalli 17 kawai aka sauya, kuma Z, X, C, V suna nan inda ka san su. Amma ba zai yi maka magani ba, domin A tana nan daram a ƙarƙashin ƙaramin yatsan hagu. Dvorak ma, wanda aka yi wa rajista tun 1936, a can ya bar ta. Duka biyun da ƙirgen haruffan Turanci aka tsara su, inda E ke sarauta.

Tsohon ma'aikaci mai ritaya, Obalende: Yaro, da sauƙi ku. A zamaninmu na tafireta sai mu buga k, mu zare takarda, mu ɗauki biro mu yi mata ƙugiya da hannu. In ka manta, shi ke nan. Na taɓa buga katin biki aka rubuta "manyan baki" a madadin "manyan baƙi". Uban amarya bai yi dariya ba.

Malamar makaranta, Idi-Araba: Baba, Allah ya ƙara lafiya, har yau ana wannan ɓarnar. Malam mai shago, ga abin da na yi. Hausa ba ta amfani da Q, V da X, ga su nan sun tare wuri a banza. Ƙanena ya sauke mini manhajar tsara kibod ta Microsoft Keyboard Layout Creator, kyauta ce, muka ɗora ƙ a kan Q, ɓ a kan V, ɗ a kan X. Sannan na musanya A da F, ta dawo ƙarƙashin manuniya, F kuwa da ba ta cika zuwa ba ta koma gefe. Makon farko na sha wuya, sai in tashi buga "fara" in ga "afrf". A mako na uku hannu ya saba. Abu ɗaya na yi kuskure: ƙ ta fi ɓ yawan fitowa nesa ba kusa ba, ga shi na kai ta saman ƙaramin yatsan da nake son hutarwa. Da yau zan sake, ita zan sa a V.

Mai gyara, Computer Village, Ikeja: Hajiya kin yi dabara, sai dai shago daban, gida daban. Shi yana da yara masu taya shi, kuma ana kawo masa aikin Turanci. Oga, ka bar tsarin biyu a kan na'urar, danna maɓallin Windows da na Space tare ke sauyawa. Sitikar haruffa muna da ita a titin Otigba, nan Computer Village. Kuma ka duba font, wato salon haruffa, kafin ka tura wa firinta, wasu ba su da ƙ da ɗ, akwatuna za su fito maka.

Mai shagon buga takardu, Agege: Na gode duka. Hajiya, ɗauri irin na 'y da 'yan fa, kin bar shi a inda yake? Shi ma ƙaramin yatsan dama yake ci.

Malamar makaranta, Idi-Araba: Na bar shi, ban ma tuna da shi ba sai yanzu da ka faɗa.