Kuɗin kyautar gasar harbin faifai da ba a karɓa ba, ina filin yake kai su?

Bakatsine_a_Lids:

Assalamu alaikum jama'a barkanmu da war haka. Dan Allah waɗanda ke zaune a Ingila ko suka san harkar harbin faifai ku ba ni shawara, abin ya tsaya min a rai. Shekarata uku kenan da fara wasan, wani abokin aikina Bature ne ya fara jana, daga baya na nemi lasisin bindiga mai baki biyu wurin 'yan sanda na kuma yi rajista da CPSA, ƙungiyar da ke kula da wasan a Ingila. To a watan Maris na shiga gasa ta faifai 100 a wani fili mai nisan kamar awa ɗaya da rabi daga gida, na biya fam 50, wato 45 kuɗin harbi 5 kuma kuɗin shiga gasa. Ranar ruwa ake kamar da bakin ƙwarya ga iska tana kwashe faifan tana kai shi inda ta ga dama, hannuna har ya sandare wajen sa harsashi, na tashi da 68 na miƙa katin makina na kama hanya don ina da aikin dare, ban ko waiwayi sakamako ba saboda a lissafina wannan makin ba zai kai ko'ina ba.

Sai a watan Yuli wani da muke haɗuwa ya ce min ai kai ka zo na biyu a ajin C (ana raba masu harbi aji-aji ne gwargwadon ƙwarewa) ran nan, ka karɓi kuɗinka? Na duba a intanet ga sunana kuwa, fam 25. Asabar da ta wuce na koma filin, yarinyar da ke kan kanta ta ce in an wuce wata uku shi kenan ba a biya. Na ce a ina aka rubuta, ta duba bango ta duba takardar shiga babu, na ce to ina kuɗin suke tafiya, ta ce sai manaja ya zo. Wallahi ba fam 25 ɗin ne ya dame ni ba, man da na ƙona zuwa can ma ya kusa haka, amma wannan ne karo na farko da na taɓa cin wani abu a wasan nan kuma kuɗin nan daga aljihunmu masu harbi aka tara su. Haka ake yi a ko'ina? Kuma ina da hakkin in matsa ko in haƙura?

Ummu_Hanifa_Kano:

Wa alaikumus salam. Ku yi haƙuri da katsalandan, mu na gida ba mu san wasan ba, na ji ana cewa harbin tantabara, tantabarar gaske kuke harbewa ko yaya? Allah ya fito maka da hakkinka ɗan uwa.

Baba_Sanda_Bamingam:

Hajiya ba tantabara mai rai ba ce, sunan ne kawai ya bi wasan. A da can tantabarun gaske ake saki daga akwati a harbe, har a gasar Olamfik ta Faris a 1900 an yi, amma Birtaniya ta hana tun 1921. Yanzu wani ɗan faifai ne mai kama da murfin kwano, faɗinsa milimita 110, yawanci ruwan lemo ko baƙi, inji ke cilla shi sama kai kuma ka bi shi da bindiga ka tarwatsa shi. Akwai ƙanana masu 90 da 60, akwai wanda ake garawa a ƙasa ana ce masa zomo. Har yau in ka fasa sai su ce ka kashe tsuntsu.

To Bakatsine ɗana, da farko barka, na biyu a cikin ruwa da iska ba ƙaramin abu ba ne, ranar da yanayi ya ɓaci kowa makinsa ke sauka shi ya sa ba a raina kati. Ni na fi shekara goma sha biyar ina wannan harka kuma shekara shida na yi ina taimaka wa wani ƙaramin kulob da lissafi ranar gasa, bari in faɗa maka yadda abin yake daga bayan kanta.

Fam 5 ɗin nan da ka ƙara ba cinikin fili ba ne. Cinikinsu shi ne 45, da shi suke sayen faifai su biya alƙalai su gyara injina. Wanda ba ya son gasa ai 45 ɗin kawai yake biya ya yi harbinsa a rubuta masa maki ya tafi. Biyar-biyar ɗin kuwa tara su ake a raba wa waɗanda suka ci a kowane aji, AA da A da B da C, da wanda ya fi kowa maki a ranar. To matsalar ita ce gasa irin wannan tun safe ake yinta har yamma, rukuni-rukuni, wanda ya harba ƙarfe tara na safe ba zai zauna jiran na ƙarfe uku ba, kafin a gama haɗa maki kashi uku cikin huɗu sun isa gida. Shi ya sa kusan kowace gasa sai an bar kuɗi.

A kulob ɗinmu abin da muke yi, da yamma in an gama ni da ma'aji mu zauna mu ƙirga, kowane mai rabo a sa masa nasa a ƙaramar ambulan ruwan ƙasa, a rubuta suna da aji da kwanan wata a bayanta, a ɗaure su da roba a jefa cikin wani gwangwanin biskit da ke ƙarƙashin kanta. Na taɓa ƙirga ambulan arba'in da wani abu a ciki, wasu har tawadar ta koɗe, akwai mai fam 8 akwai mai fam 60. Mutum ya yi tafiyar awa biyu ya zo sau ɗaya a shekara, ba zai dawo don fam 8 ba, wani kuma bai ma san ya ci ba kamar kai. Daga baya a taron shekara muka yanke cewa duk ambulan da ta shekara ba a zo ba za a buga wa mai ita waya sau biyu, in shiru a zuba kuɗin a asusun koyar da yara, a saya musu harsashi da faifai, kuma muka rubuta haka ɓaro-ɓaro a jikin takardar shiga. Kuma ko bayan shekarar mutum ya zo da hujja muna biyansa, sau biyu hakan ta faru a gabana ba wanda ya yi musu.

Sauran filayen da na zaga kowa da tsarinsa. Akwai masu zuba maka a asusunka na filin in ka dawo a cire daga kuɗin shiga, akwai masu karɓar lambar banki tun wajen rajista su tura cikin sati, wannan ya fi min kowanne don ba ambulan ba gwangwani. Wasu suna tara abin da ya rage su ƙara a kyautar babbar gasar ƙarshen shekara, wasu su ba ƙungiyar agaji. Duk waɗannan ba ni da ja a kansu in dai an faɗa tun farko. Wanda ban yarda da shi ba shi ne kuɗi su narke cikin cinikin fili shiru ba wanda ya sani. Kar ka yi faɗa da yarinyar kanta, abin da aka gaya mata ta faɗa. Rubuta wa manaja imel cikin ladabi, sa ranar gasar da lambarka ta CPSA da hoton sakamakon, ka tambaye shi abu biyu kawai, ina aka rubuta ƙa'idar wata uku kuma ina kuɗin suke zuwa. In ya yi biris tunda gasar mai rajista ce a ƙarƙashin dokokin CPSA aka yi ta, sai ka tura musu kwafi, ofishinsu yana Bisli.

Akanta_Mancesta:

Ni ba na harbi amma lissafin ƙananan kamfanoni nake yi, kuma abin da Baba ya faɗa haka yake a takarda. Kuɗin da ka ci ba a ba ka ba bashi ne a kan filin, a littafinsu ma a ɓangaren abin da ake binsu ya kamata ya zauna ba a riba ba. A Ingila da Wels dokar wa'adin ƙara ta 1980 ta ba mutum shekara shida ya nemi bashin da ya taso daga yarjejeniya, a Sikotilan biyar ce. Fili zai iya sa wa'adi gajere amma sai in yana cikin sharuɗɗan da aka nuna maka lokacin da kake biya, ba wanda za a faɗa maka da baki bayan wata huɗu ba. Ka duba imel ɗin da suka turo maka na tabbatar da rajista da shafin da ka yi rajistar, wani lokacin a can ƙasa suke saƙala shi da ƙananan haruffa, in yana nan to ka amince da shi ko ba ka karanta ba.

Dubi yadda manya ke yi. Cacar ƙasa ta Birtaniya kwana 180 take bayarwa, in ba ka zo ba kuɗin su tafi ayyukan jama'a, kuma kowa ya san da haka tun kafin ya sayi tikiti. Asusun banki da ya yi shekara 15 ba motsi ana iya kwashe kuɗin a kai ayyukan alheri ƙarƙashin dokar 2008, amma mai shi in ya bayyana ana mayar masa. Ban ce ka je kotu kan fam 25 ba, kuɗin shigar da ƙarar ma ya fi haka, amma in ka san matsayinka rubutunka zai fita da nauyi.

Malam_Ɗan_Damagaram:

Allah ya saka wa Baba da alheri. Ina so in ƙara ta fuskar addini don na ga wasu za su ɗauka wannan hukuncin tsintuwa ne, a yi cigiya shekara guda in ba a samu mai shi ba a yi amfani da shi. Ba tsintuwa ba ce, tsintuwa ita ce wadda ba a san mai ita ba, wannan kuwa sunanka na jikin ambulan lambar wayarka na cikin kwamfutarsu, ajiya ce, kuma mai ajiya shi ne zai nemi mai kaya.

Sai dai ɗan uwa akwai abin da nake so ka kai wa malamin da ka yarda da shi. Hadisi ya halatta sa kyauta a harbi da tseren raƙuma da na dawaki, wannan ba gardama. Inda malamai suka yi magana shi ne in masu gasar ne da kansu suka haɗa kuɗin wanda ya ci ya kwashe. Malikiyya sun tsananta a nan, wasu mazhabobin sun yarda in akwai wanda ya shiga bai zuba komai ba kuma zai iya ci, Ibn Taimiyya kuma ya halatta ko babu shi. Ban kawo don in sanyaya maka gwiwa ba, ka karɓi hakkinka tukuna, in zuciyarka ba ta kwanta ba ai ga hanyar biyan kuɗin harbi kawai ba tare da biyar ɗin ba.

Bakatsine_a_Lids:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Malam maganarka ta shige ni, gaskiya ban taɓa kallon biyar ɗin nan ta wannan fuskar ba, zan tambayi limaminmu ran Juma'a in sha Allah. Akanta, na duba imel ɗin rajistar daga sama har ƙasa babu maganar wata uku.

Baba na bi shawararka na rubuta ran Litinin, Laraba manajan ya kira ni da kansa, dattijo ne mai sauƙin kai, ya ce wata ukun nan tsohuwar magana ce da aka taɓa yi ba a taɓa rubutawa ba kuma ba su taɓa kuɗin kowa ba, in zo in karɓa. Jiya na je. Ya jawo wata durowa ya fito da ƙunshin ambulan daure da roba kamar yadda ka kwatanta, yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya yana karanta suna har ya zo kan tawa, takardar fam 20 da ta fam 5 a ciki. Na ce masa me zai hana su rubuta ƙa'ida su manna su kuma riƙa tura saƙo ga wanda ya ci, ya ce zai kai wa mai filin.

Amma abin da ya sa jikina ya yi sanyi, yana cikin karantawa na ji sunan wani tsoho da muka yi rukuni ɗaya da shi a bara, shi ya nuna min yadda ake tarar zomo a bar bin sa a baya, har ya ba ni harsashi biyar da nawa suka ƙare. Ambulan biyu gare shi a wurin. Na tambaya, manajan ya ce tun kaka bai sake zuwa ba, sun ji ance ya samu shanyewar ɓarin jiki ya mayar da bindigarsa. Na ce a ba ni in kai masa, ya ce ba zai iya ba ni adireshin mutum ba kuma na fahimce shi, amma akwai lambar 'yarsa a fom ɗin da ya cike. Ban bar wurin ba sai da ya buga mata a gabana, ta ce za ta biyo ran Asabar ta karɓa, na roƙi manajan ya sa 'yar takarda a ciki da gaisuwata.